Malamina Ya Soke Madogaraina, Ni Kuwa Na Amince Da Marubucin

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu a fannin ilimi, ina rubuta kundina a kan tasirin yawan kallon waya ga barcin yara da karatunsu. Na shafe watanni ina haɗa babi na biyu, wato waiwayen ayyukan da suka gabata, amma da na kai wa malamin da ke duba aikina, sai ya dawo mini da shi cike da jan biro, ya soke kusan rabin madogaraina, ya rubuta a gefe cewa waɗannan ba madogaran ilimi ba ne. Yawancin abin da ya soke na ɗauko shi ne daga rubuce-rubucen wani mutum da ke wallafa bayanansa da kansa a intanet, yana kiran kansa likita. Na daɗe ina bibiyarsa, bayaninsa ya fi mini muƙalun mujallu sauƙin fahimta, kuma ban taɓa jin ya faɗi abin da hankali bai ɗauka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har ina ganin kamar malam bai karanta ba ya yanke hukunci. Wata abokiyar karatuna ta ce in bar bayanan yadda suke, in cire sunan mutumin, in liƙa sunayen muƙalun mujallu masu kama da batun, domin a cewarta babu mai bin diddigi. Saura wata biyu a rufe karɓar aiki. Shin rubutun da mutum ya wallafa da kansa ba ya taɓa zama madogara? Kuma yaya zan yi da malam?

Daga wata 'yar'uwa da aka sakaya sunanta.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɓacin ranki bai ba ni mamaki ba, domin duk wanda ya hana idonsa barci a kan aiki, sannan aka dawo masa da shi an soke rabinsa da 'yan kalmomi a gefen takarda, dole ne abin ya yi masa ciwo. Zan zo kan malaminki da kuma marubucin da kika amince da shi, amma bari in fara da shawarar abokiyarki, domin ita ce mafi gaggawa a cikin wasiƙar.

Kada ki bi wannan shawara ko kaɗan. Ina kyautata mata zato cewa tausayinki ta ji, ganin lokaci ya ƙure, amma jingina magana ga muƙalar da ba ta faɗe ta ba ƙarya ce aka yi wa marubutan muƙalar, da malaminki, da duk ɗalibin da zai ɗauki kundinki nan gaba ya gina nasa a kai. Raunin madogara gyara ake yi a wuce wurin, ƙagen madogara kuwa yana iya jawo a hana mutum shaidar digiri, ko a ƙwace ta bayan an ba shi. Zancen babu mai bin diddigi kuma ba gaskiya ba ne. Ya isa a ce mai jarrabawa na waje ya san ɗaya daga cikin muƙalun nan, ya tambaye ki ranar kare kundi a wane shafi aka faɗi abin da kika jingina mata. A shekarar 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya rasa digirinsa na uku kuma ya sauka daga muƙaminsa, bayan an gano ya kwafi ayyukan wasu ba tare da ambaton su ba, alhali ya yi shekaru da karɓar digirin. Kundi yana nan a ajiye bayan mai shi ya bar makaranta, kuma kowa yana iya buɗe shi.

Game da malaminki, ina ganin ya gajarta bayani, kuma da ya zaunar da ke ya faɗa miki dalilinsa da abin ya zo da sauƙi. Amma taƙaita magana daban, rashin hujja daban. Abin da yake nufi da madogarar ilimi shi ne aikin da ya bi ta hannun wasu masana kafin ya fito. A mujallar ilimi ta ƙwarai, idan mai bincike ya aika da muƙalarsa, edita yakan tura ta ga masana biyu ko uku na fannin, su duba yadda aka zaɓi waɗanda aka yi binciken a kansu, da yadda aka tattara bayanai, da ko sakamakon da aka bayyana ya yi daidai da alƙaluman da aka samu, sannan su ce a karɓa, ko a gyara, ko a yi watsi da ita. Wanda ya wallafa da kansa kuwa shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai tantancewa. Yana iya rubuta abu yau ya sauya shi gobe ba tare da kowa ya sani ba. Malam yana kallon ranar da za ki tsaya gaban masu jarrabawa, ga sunansa a kan aikin, shi ya sa ba ya son ki jingina da abin da ba wanda ya tantance. Wannan kariya ce gare ki, ko da an miƙo ta ba tare da taushin harshe ba.

To, shin rubutun da mutum ya wallafa da kansa ba ya taɓa zama madogara? Yana zama, kuma wani lokaci ma yakan fi abin da mujalla ta buga inganci. A watan Disamba na 2010 mujallar Science, wadda take cikin mafi girman mujallun kimiyya a duniya, ta fitar da wani bincike da hukumar sararin samaniya ta Amurka ta tallafa wa, wanda ya yi iƙirarin cewa wata ƙwayar bakteriya daga tafkin Mono a jihar Kalifoniya tana iya gina DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, da sinadarin arsenik maimakon fosforas. Cikin 'yan kwanaki wata masaniyar ƙananan halittu a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, Rosie Redfield, ta rubuta suka a dandalinta na ƙashin kanta, ta nuna inda aikin ya yi rauni dalla-dalla. A 2012 aka buga bincike biyu a wannan mujallar, ɗaya da hannunta a ciki, waɗanda suka nuna ƙwayar ba ta rabu da fosforas ba. Ki lura da abin da ya ba sukarta nauyi: an san ko ita wace ce, fanninta ne, ta kawo hujjojin da kowane masani zai iya aunawa, sannan ta koma ɗakin gwaji ta tabbatar da maganarta.

Haka kuma sunan mujalla ba shi ne hatimin gaskiya ba. A 1998 mujallar The Lancet ta buga aikin Andrew Wakefield a kan yara 12, wanda ya alaƙanta wata allurar rigakafi da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane. Manyan binciken da suka biyo baya ba su sami wannan alaƙa ba, mujallar ta janye muƙalar a 2010, aka kuma soke wa mutumin izinin aikin likita a Birtaniya. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya haɗa muƙalar bogi mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Na kawo miki waɗannan ne don kada ki fita daga wannan matsala ki faɗa wata, ki ɗauka duk abin da aka kira mujalla ya halatta a kwafa ido rufe. Wurin da aka wallafa magana alama ce mai amfani, amma tambayoyin da ke yanke hukunci su ne: wa ya faɗa, da wace hujja, kuma za a iya bin hujjar har tushenta?

A nan ne nake so ki dubi dalilan da kika ba ni na amincewa da marubucin nan. Kin ce kin daɗe kina bibiyarsa, bayaninsa a bayyane yake, kuma hankali yana ɗaukar abin da yake faɗa. Dukkan ukun suna magana ne a kan yadda kike ji idan kina karanta shi, babu ɗaya da ke nuna ko abin da ya faɗa haka yake. Daɗewa tare yana haifar da sabo, iya bayani baiwa ce da mai gaskiya da mai kuskure duka suke iya samu, abin da hankali ya ɗauka kuma sau da yawa shi ne abin da ya yi daidai da ra'ayin da muke da shi tun farko. Wannan ba aibinki ba ne ke kaɗai. A wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford suka fitar a 2017, sun sa masana tarihi 10 masu digiri na uku, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗalibai 25 su auna ingancin wasu majiyoyi a intanet. Masu tantance labarai ne suka yi zarra, kuma dabararsu ita ce ba sa ɓata lokaci suna karanta abin da majiyar ta faɗa game da kanta. Nan da nan sukan bar ta su je su binciki abin da wasu suka ce a kanta. Da yawa daga cikin ɗaliban, har da wasu masanan, kyan tsari da kamalar harshe suka ruɗe su. Malaman hadisi sun riga kowa fahimtar wannan tun ƙarnoni da suka wuce, inda suka riƙa bincikar kowane mai ruwaya, da riƙonsa, da wanda ya ji daga gare shi, har Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Saboda haka ki yi wa marubucin nan adalcin da ya dace, wato ki bincike shi, kada ki yarda da shi a kan sabo, kada kuma ki yar da shi don malam ya soke shi. Ki nemi cikakken sunansa a wajen dandalinsa. Likitan mene ne? Likitan yara, ko masanin barci, ko mai digiri na uku a wani fanni da bai shafi batun ba? Ƙwarewa a wani fanni ba ta ba mutum izinin zama hujja a kowane fanni. Akwai jami'a, ko asibiti, ko hukumar rajistar likitoci da ta lissafa shi? Ki sa sunansa a Google Scholar da PubMed, wato rumbunan neman muƙalun ilimi a intanet, ki gani ko ya taɓa buga bincike a kan barcin yara, kuma ko wasu masana suna ambaton sa. Ki duba kuma ko yana sayar da wani abu da ke da alaƙa da abin da yake rubutawa, kamar magani, ko manhaja, ko kwas ga iyaye, domin mai kaya yakan kambama matsalar da kayansa ke magancewa, ko da bai yi niyyar yaudara ba. Wata alama da nake ba muhimmanci ƙwarai ita ce yadda yake yi idan ya yi kuskure: wanda yake gyarawa a fili, ya rubuta ranar da ya gyara da dalilin gyaran, ya fi wanda ba a taɓa ganin ya janye magana ba.

Bayan mutumin sai maganganunsa, kuma nan ne ainihin aikin yake. Ki ɗauki babin da aka soke, ki fitar da kowace jimla da kika jingina masa a takarda daban, sannan ki koma rubutunsa ki tambayi kowace ɗaya: daga ina ya samo ta? Idan ya ambaci bincike da sunan marubuta da shekara, ki nemo muƙalar da kanki, kada ki tsaya a taƙaitaccen bayanin da ke samanta, ki shiga sashen hanyoyin bincike ki ga yara nawa aka duba, shekarunsu nawa, kuma an auna barcinsu da na'ura ne ko tambayar iyaye aka yi. A fanninki musamman akwai wani zamewa da ke yawan faruwa. Muƙala takan ce an sami alaƙa tsakanin yawan kallon waya da ƙarancin barci, sai mai sauƙaƙa bayani ya rubuta cewa waya tana hana yara barci. Ba ɗaya ba ne, domin yana yiwuwa yaron da barci ya ƙi zuwar masa ne yake ɗaukar waya, ko kuma wani dalili na uku ne ya haddasa duka biyun, kuma binciken da aka yi a lokaci guda ba ya iya rarrabe wannan. Haka nan idan ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade sa'a ɗaya a rana, ki buɗe ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2019, za ki ga sun shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne, kuma sa'a ɗayar ta masu shekara 2 zuwa 4 ce. Idan kundinki a kan 'yan makarantar firamare ne, ba za ki ɗora musu wannan adadi ba. Inda kuwa ya ce bincike ya nuna, ko masana sun tabbatar, bai faɗi wane bincike ba, ki kwafi jimlar ko adadin ki nema. Idan duk inda kika same shi wani ne ke ruwaito wani, ba a kai ga aikin asali ba, ki cire shi daga kundinki komai daɗinsa.

Ina kyautata zaton cewa idan kin gama wannan za ki tarar da yawa daga cikin bayanan suna da tushe a muƙalu na gaskiya. A nan sai ki ambaci muƙalar da kika karanta da idonki, ki rubuta abin da ita ta ce, ba abin da aka ce ta ce ba. Ki ga bambancin wannan da shawarar abokiyarki: sunan mujalla zai bayyana a duka biyun, amma a nan kin karanta, kin daidaita maganarki da abin da kika gani. Marubucin ya zama ɗan jagoran da ya raka ki ƙofar gida, magana kuma da masu gidan za ki yi. Watannin da kika yi kina karanta shi ba su tafi a banza ba, domin su ne suka sa kika san batun har za ki iya fahimtar muƙalun da a da suke yi miki nauyi.

Akwai wurare biyu da ambaton sa kai tsaye zai iya halatta. Na farko, idan kina son nuna irin bayanin da iyaye ke karantawa game da waya da barci, to rubutunsa shi kansa abin nazari ne, kina kawo shi a matsayin misalin abin da ake faɗa, ba a matsayin hujjar cewa haka abin yake ba. Na biyu, idan kin tabbatar ƙwararre ne a fannin kuma ya kawo wani ra'ayi ko fashin baƙi nasa da ba a samu a wani wuri ba, kina iya ambaton sa a matsayin ra'ayin masani, ki faɗi haka a fili, kada ki gina babbar hujja a kansa shi kaɗai. A kowane hali ki rubuta ranar da aka wallafa da ranar da kika karanta, ki ajiye kwafi, ki kuma adana shi a Internet Archive, rumbun da ke ajiye kwafin shafukan intanet, domin cibiyar bincike ta Pew ta ruwaito a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan intanet da suke akwai a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma.

Yanzu sai komawa wurin malam. Kada ki je da fushi, kada kuma ki je hannu rabbana. Ki ba kanki mako biyu ki yi wannan bin diddigin, sannan ki nemi ya ba ki lokaci, ki tafi da takarda guda da ke nuna kowace magana da ya soke, da tushen da kika gano mata, da waɗanda kika cire don ba ki sami tushensu ba. Ki ce masa, “Malam, na koma na bi madogaran da ka soke, ga abin da na samu, ina neman ka duba ko na kama hanya.” Malamin da ya ga ɗalibarsa ta yi wannan aiki da wuya ya ƙi saurarenta. Idan akwai wuri ɗaya ko biyu da kike ganin ambaton marubucin ya dace, ki kawo dalilinki cikin ladabi, ki tambaye shi ko ƙa'idar sashe ce ta hana ko kuwa shi ne bai gamsu ba. Yawancin sassa suna da littafin ƙa'idojin rubuta kundi, kuma ya kamata ki karanta shi kafin ki je. Idan ya tsaya a kan kada a sa, ki bi maganarsa. Ba ki yi asarar komai ba tunda hujjojin asali suna hannunki, kuma jayayya a kan madogara biyu ba ta kai ta ɓata tsakaninki da wanda zai sa hannu a aikinki ba. Sai fa idan ya ƙi ganin ki gaba ɗaya har lokaci yana neman ƙurewa, a nan kina da damar sanar da mai kula da karatun gaba da digiri na farko a sashenku, kina neman a taimaka a haɗa ku, ba kina kai ƙara ba.

Idan samun muƙalun ne ke ba ki wahala saboda yawancinsu sai an biya, ki je wurin ma'aikatan laburaren jami'arku, domin sun san rumbunan da makarantar ta yi rajista da su, kuma taimaka wa ɗalibai irinki yana cikin aikinsu. Rumbun DOAJ yana lissafa mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda suka cika wasu sharuɗɗa, PubMed Central yana ɗauke da cikakkun muƙalu na fannin lafiya, kuma marubuta da yawa sukan aiko da kwafin aikinsu idan aka rubuta musu wasiƙa cikin mutunci. Ki fara da muƙalun da suka tattara bincike masu yawa suka yi musu bita a wuri ɗaya, domin guda biyu ko uku daga cikinsu za su nuna miki manyan ayyukan fannin cikin 'yan kwanaki. Kafin ki dogara da kowace muƙala, ki duba sunanta a rumbun Retraction Watch ko an janye ta.

Wata biyu ya isa, matuƙar kin fara a wannan makon. Abokiyarki ma ki ja ta gefe ki faɗa mata a hankali abin da ya sa ba ki ɗauki shawararta ba, domin ina fargabar ita ma hanyar da take bi ke nan a nata kundin, kuma tana da sauran lokacin gyarawa kafin ta miƙa. Allah Ya ba ki sa'a, ƙanwata, Ya sa ki kare kundinki lafiya.